Gidan Rediyon Gwamnati: Dukiyar Baitulmali Ko Kakakin Mai Mulki?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam ji da gani da harshe, kuma Zai tambaye shi a kan yadda ya sarrafa su. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, mai gaskiya abin gaskatawa, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwa, mas'alar da muke son mu yi magana a kanta a wannan wata, mutane da yawa suna ɗaukarta a matsayin rigimar 'yan jarida da mahukunta. Alhali kuwa ta shafi manomin Bilbis a ƙasar Tsafe, da ɗan kasuwar Kwatarkwashi a ƙasar Bunguɗu, da matar aure a Tudun Wadar Gusau, fiye da yadda ta shafi duk wani mai riƙe da alƙalami. Mas'alar ita ce: gidan rediyo ko talabijin da aka gina da kuɗin jama'a, ake kuma biyan ma'aikatansa daga kuɗin jama'a, na wane ne? Amsarmu ita ce dukiyar baitulmali ne, amana ce a hannun mai mulki, kuma bai halatta ya mayar da shi kakakin kansa ba, kamar yadda bai halatta ya sayar da shi ga mai kuɗi ba. Ga dalilanmu.

Abin da ya faru a Gusau a 2022

A ranar Asabar 15 ga Oktoba, 2022, kwana 3 kacal bayan an buɗe ƙofar yaƙin neman zaɓen gwamnoni, gwamnatin Jihar Zamfara ta wancan lokaci, ƙarƙashin Gwamna Bello Matawalle, ta ba da umarnin rufe wasu gidajen rediyo da talabijin a Gusau. Kwamishinan watsa labarai, Ibrahim Dosara, shi ya fitar da sanarwar. Daga cikin waɗanda abin ya shafa akwai NTA Gusau da Pride FM, waɗanda duka biyun na gwamnatin tarayya ne, sa'an nan da masu zaman kansu irin su Gamji TV da Al'umma TV. Laifin da aka jingina musu shi ne sun ɗauki labarin wani taron jam'iyyar PDP, wadda Dauda Lawal yake yi wa takarar gwamna a lokacin, alhali gwamnati ta dakatar da tarukan siyasa bisa hujjar matsalar tsaro.

Hukumar NBC, wadda doka ta ɗora wa kula da gidajen rediyo da talabijin a Nijeriya, ta fito ta ce wannan mataki ya saɓa wa doka. Ƙungiyoyin 'yan jarida suka yi ca. Kafin a cika kwana 3 gwamnati ta janye umarnin, ta kuma ba da haƙuri. Wannan janyewa abin yabo ce, domin komawa ga gaskiya ya fi dogewa a kan kuskure. Sai dai akwai darussa a cikin lamarin waɗanda ba da haƙuri bai shafe su ba.

Na farko, idan ma taron ya saɓa wa doka, to masu laifi su ne waɗanda suka shirya shi. Wanda ya zo ya gani ya faɗa, matsayin mai shaida yake da shi, kuma Alƙur'ani mai girma, a cikin ayar bashi ta Suratul Baƙara, ya hana a cutar da marubuci ko mai shaida saboda aikinsa. Na biyu, a lura cewa tashoshin da aka rufe su ne waɗanda gwamnan jiha ba shi yake naɗa shugabanninsu ba. Tashar da ke ƙarƙashinsa ba ta buƙatar kwaɗo da 'yan sanda, domin ba a ɓalle ƙofar da mabuɗinta ke cikin aljihu. Wannan shi ne ciwon da ya fi girma, kuma shi ne wanda ba a cika ganinsa ba, saboda ba ya zuwa da sanarwa. Na uku, shi kansa Matawalle daga ɓangaren adawa ya hau mulki, bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 24 ga Mayu, 2019. Kuma wata 5 bayan rufe tashoshin, a zaɓen Maris na 2023, mutumin da aka hana a ji labarin taronsa shi ya lashe kujerar. Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Saboda haka maganarmu ba goyon bayan wata jam'iyya ba ce. Nasiha ce ga duk wanda ke kan kujerar a yau, da wanda zai hau ta gobe.

Me ya sa abin ya fi tsanani a Zamfara?

A wasu wurare, idan gidan rediyo ya ɓoye gaskiya, abin da za a rasa shi ne ilimi ko ƙuri'a. A nan kuwa, rai ake rasawa. Direban da zai taso daga Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe, da manomin da ke shawarar ko ya tafi gonarsa ta nesa ko ya haƙura, da uban da ke tunanin ko ya bar 'yarsa ta koma makarantar kwana, dukansu labari suke buƙata, labarin da za su iya ɗora rayuwarsu a kansa.

Mu tuna da abin da ya faru a 2021. A ranar 3 ga Satumba aka katse layukan waya a duk faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da man fetur a jarka, duk don a matsa wa 'yan bindiga. An maido wa Gusau layi a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A tsawon waɗannan makonni, mutumin ƙauye ba shi da wata taga da zai leƙa duniya in ba akwatin rediyonsa ba. A cikin makonnin ne ma aka sace Mai Martaba Sarkin Bunguɗu a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Mai karatu ya auna da hankalinsa irin abin da jita-jita za ta yi a garin da aka ɗauke sarkinsa kuma babu waya. A irin wannan rana ake gane darajar tashar da mutane suka yarda da maganarta, kuma wannan yarda ba a ranar ake gina ta ba. Tashar da ta shekara tana cewa komai lafiya alhali ana binne gawawwaki, ranar da ta zo da gargaɗi na gaskiya ba mai saurarenta.

Mu kuma tuna da bala'in gubar dalma ta 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara fiye da 400. Wani sashe na maganin wannan masifa magana ce kawai: a daina niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, a nisantar da yara daga ƙurar. Amma magana ba ta aiki sai ta fito daga bakin da aka amince da shi. Wanda ya lalata amincin gidan rediyo don ya tsira da mutuncinsa na 'yan kwanaki, ya lalata makamin da shi kansa zai buƙata ranar annoba.

Shi ya sa mutanenmu suka saba jiran sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe tun 1957, ko na Jamus, ko na Faransa, don su ji abin da ya faru a ƙauyen da ke maƙwabtaka da su. Wannan abin kunya ne a gare mu. Kuma ba mafita ba ne, domin waɗannan tashoshi su ma suna da iyayen gijinsu da manufofinsu. A watan Maris na 2025 mun ga yadda umarni guda daga fadar shugaban Amurka ya sa Muryar Amurka ta yi tsit, har da sashenta na Hausa. Wanda ya dogara da fitilar maƙwabci, ranar da maƙwabci ya rufe ƙofa zai kwana cikin duhu.

Ciwon ya daɗe

Kada wani ya zaci wannan cuta a Zamfara ta fara. A 1953 Gwamnan mulkin mallaka, Macpherson, ya soki jam'iyyar Obafemi Awolowo a gidan rediyon gwamnati, da Awolowo ya nemi a ba shi dama ya mayar da martani sai aka hana shi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa gwamnatin Jihar Yamma ta kafa tata tashar talabijin a Ibadan a 1959. Gwamnatin Sardauna ta kafa Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962, kuma babu mai musun alherin da wannan gida ya yi wa Arewa ta fuskar ilimi da wayar da kai. Amma abin da aka koya daga zaluncin Bature shi ne kowa ya mallaki nasa kakaki, ba a koyi cewa a bai wa abokin hamayya damar magana ba. Haka aka maimaita a jamhuriya ta biyu, lokacin da gwamnonin da ba na jam'iyyar NPN ba suka ga tashoshin tarayya ba sa yi musu adalci, suka shiga kafa nasu, kamar yadda Gwamna Abubakar Rimi ya kafa CTV a Kano, wadda a yau ake kira ARTV.

Sojoji ma sun san darajar wannan makami. Nzeogwu a Rediyon Kaduna ya yi jawabinsa a Janairun 1966, Dimka a gidan rediyon Legas a Fabrairun 1976, Orkar ma a can a Afrilun 1990. Duk mai son ƙwace mulki gidan rediyo yake fara nufa. Da aka zo 1992, gwamnatin Babangida ta yi doka mai lamba 38 wadda ta kafa NBC ta kuma buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu. An sami yalwar muryoyi, amma tashoshin gwamnati sun ci gaba da zama yadda suke: shugaban ƙasa ke naɗa na tarayya, gwamna ke naɗa na jiha, kuma wanda ya naɗa shi ke tuɓewa.

Sarƙa ta biyu: kuɗi

Idan sarƙa ta farko a hannun mai mulki take, ta biyu a hannun mai kuɗi take, kuma gwamnati ce ta ƙera ta. Bayan shigowar shirin tsuke bakin aljihu a 1986, doka mai lamba 25 ta 1988 ta sanya NTA da Rediyon Tarayya cikin hukumomin da za su riƙa neman wani sashe na kuɗin shigarsu da kansu. Jihohi suka bi sahu. Daga nan aka shiga sayar da abin da bai kamata a sayar ba, wato labari. Wanda ya biya, taron bikinsa ko na ƙungiyarsa ya shiga labaran duniya. Ƙauyen da rijiyarsa ta rufta ko makarantarsa ta zube, tun da ba shi da abin biya, babu shi a labari.

Yunwar da ake bar wa waɗannan gidaje ba ɓoyayya ba ce. A watan Agusta na 2022 hukumar NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin da ya haura naira biliyan 2 da rabi, kuma a cikin jerin akwai gidajen gwamnatocin jihohi masu yawa, kafin daga baya ta dakatar da matakin. Ga wani abin mamaki kuma: tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na 4, ya bai wa ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin. Wato kuɗin da a wasu ƙasashe, kamar Ingila, shi ne abincin gidan rediyon jama'a, a nan an ajiye shi a hannun da ba shi yake ɗaukar nauyin tashoshin ba.

Tashar da ba ta da kuɗin man janareta, ma'aikacin da ke jiran na goro a wurin taro kafin ya sami kuɗin mota, yaya za su ce wa mai kuɗi a'a? In baki ya ci, ido kan ji kunya. Ta wannan ƙofa ce sojojin baka suka shigo, suna sayen minti suna cin mutuncin bayin Allah. Ta nan ne wasu masu tallar magani suka shigo, suna alkawarin warkar da kowace cuta da kwalba guda, da lafuzzan da uba ba zai iya saurare tare da 'ya'yansa ba. Mai saurare a ƙauye kuwa bai san inda labari ya ƙare talla ta fara ba, shi dai ya ce rediyo ya faɗa. Wannan algus ne, kuma algus a cikin labari ya fi algus a cikin mudu illa, domin na mudu mutum guda ya cuta, na labari kuwa gari guda.

Mizanin da muke aunawa da shi

Malamanmu ba su yi saɓani ba a kan cewa shugaba wakili ne a kan dukiyar jama'a, ba mamallaki ba, kuma tasarrufinsa a cikinta an ɗaure shi da maslahar waɗanda yake shugabanta. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Abdul'aziz, wanda ya yi mulki daga shekara ta 99 zuwa ta 101 bayan Hijira, yakan kashe fitilar baitulmali idan magana ta koma kan sha'anin gidansa, ya kunna tasa. Idan man fitila guda ya kai a yi masa wannan taka-tsantsan, ina ga tashar da ake kashe mata miliyoyi, a mayar da rabin labaranta yabon mutum guda da iyalinsa?

Shi ne kuma aka ruwaito ya hana mummunar al'adar da wasu mahukuntan zamanin suka ɗora wa mumbari, ta aibata Sayyidina Aliyu a cikin huɗuba. Mumbari a wancan zamani shi ne wurin da jama'a ke jin sanarwa da labarin daula. Masu mulki suka mayar da shi makamin siyasa, shi kuwa ya maido shi ga jama'a, kuma da wannan ake tunawa da shi har yau.

Dokar ƙasa ma ba ta saɓa wa wannan ba. Sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kafafen watsa labarai aikin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a. Sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda ake aiki da ita lokacin da aka rufe tashoshin Gusau, ya hana amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya, ya kuma wajabta raba lokaci daidai tsakanin 'yan takara. Ashe ba rubutu muka rasa ba, abin da muka rasa shi ne tsarin da zai sa ma'aikaci ya bi rubutun ba tare da ya rasa abincinsa ba.

Shubuhohi da amsoshinsu

Idan wani ya ce: ai gwamnati ce ke biyan albashi, don me ba za a yi mata biyayya ba? Sai mu ce masa: alƙali ma daga baitulmali ake biyansa, amma babu mai hankalin da zai ce wajibi ne ya yanke hukunci yadda gwamna yake so. Kuɗin ba daga gadon gwamna suka fito ba. A cikinsu akwai haƙƙin wanda ya zaɓe shi da na wanda bai zaɓe shi ba.

Idan wani ya ce: muna cikin yaƙi, kuma ba kowane labari ake faɗa ba. Sai mu ce: wannan gaskiya ne. Ba mu yarda a bayyana motsin jami'an tsaro ba, ba mu yarda a bai wa ɗan ta'adda fili ya yi barazana ba, kuma Suratul Hujurat ta koya mana bincikar labari kafin a yaɗa shi. Amma wa zai yanke cewa an ƙetare iyaka? Idan wanda labarin ya sosa shi ne zai yanke, to ya zama mai ƙara kuma alƙali. A Agustan 2022 NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda wani shiri a kan 'yan bindiga, sa'an nan a Mayun 2023, a wata shari'a dabam, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa hukumar ba kotu ba ce da za ta riƙa cin tara. Idan har hukumar da aka kafa don wannan aiki an ja mata wannan layi, ina ga kwamishina? A rubuta iyakokin a doka, kowa ya san su, kotu ta yi hukunci. Kuma a sani cewa ɓoye harin da mutanen gari suka riga suka binne mamatansa ba tsaro ba ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Idan wani ya ce: wannan 'yanci da kuke kira gare shi ƙofar fasadi ce. Sai mu ce: mun nemi a 'yantar da tasha daga son zuciyar mai mulki da aljihun mai kuɗi, ba mu nemi a 'yantar da ita daga doka da tarbiyya ba. Bal ma mafi yawan ɓarnar da muke ji a iska ta ƙofar kuɗi ta shigo, wato ta ƙofar da muke neman a toshe.

Mafita

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya kafa hukumar kafafen watsa labarai mai zaman kanta, ya ɗora mata aikin kare kafafen gwamnati daga katsalandan ɗin gwamnati, ya kuma ba ta ikon naɗa majalisun gudanarwarsu bayan tuntuɓar shugaban ƙasa. A 1993, da gidan rediyo da talabijin na ƙasar ya watsa taron jam'iyya mai mulki a kan kasafin kuɗi ya hana jam'iyyar adawa ta NPP irin wannan dama, Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke cewa wajibi ne a ba ta. Abin da ya yiwu a Akara ba zai gagara a Gusau ba. Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Zamfara da ta duba waɗannan abubuwa:

1. A yi dokar da za ta ɗora gidan rediyo da talabijin na jiha a hannun majalisar amintattu, wadda ɓangarorin al'umma za su turo wakilansu da kansu: malamai, sarakuna, lauyoyi, 'yan jarida, manoma, makiyaya, 'yan kasuwa, mata, da malaman jami'a. Kada mai riƙe da muƙamin jam'iyya ya shiga cikinta.

2. Wannan majalisa ce za ta zaɓi shugaban gidan bisa cancanta, da wa'adin da ba zai ƙare tare da na gwamna ba, kuma kada a tuɓe shi sai da laifi bayyananne da aka tabbatar.

3. A yanka wa gidan kaso sananne a kasafin kuɗi, a riƙa sakinsa a kan lokaci ba tare da shugabansa ya je yana durƙuso a gidan gwamnati ba, shi kuma ya riƙa bayyana lissafinsa ga jama'a duk shekara.

4. A haramta sayar da labari. Duk shirin da aka biya, a faɗa a farkonsa da ƙarshensa cewa biya aka yi, a kuma faɗi wanda ya biya. Farashin talla ya zama ɗaya ga kowa, a manne a ƙofa.

5. A lokacin zaɓe a ware wa kowane ɗan takara lokaci daidai, kyauta. Duk wanda aka soka kuma a ba shi damar mayar da martani a irin lokacin da aka soke shi.

6. A keɓe sa'o'in da ba na sayarwa ba ne, don lafiya da noma da kiwo da ilimi da sanarwar tsaro, da Hausa da Fulatanci, kuma a sami wakilai a dukan ƙananan hukumomi 14, don a ji muryar wanda aka kora daga ƙauyensa daga bakinsa.

Nasiha ga kanmu

Ya 'yan uwa, ba zai zama adalci ba mu nuna wa mahukunta yatsa mu manta da namu ɓangaren. Karatuttukan addini da tafsirin watan Ramadan da ake sanyawa a rediyo, mafi yawansu ɗaukar nauyinsu ake yi, kuma sau da yawa mai ɗaukar nauyin ɗan siyasa ne ko ɗan kwangilar gwamnati. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malamin da wani ya saya masa sa'a guda a iska, yaya harshensa zai kasance ranar da wannan mutum ya yi zalunci? Ya fi mana alheri mu tara taro da sisi daga aljihunmu mu biya wa karatu fili, ya zama gajere amma mai 'yanci, da ya zama dogo da linzami a baki.

Kuma mu sani cewa adalcin da muke nema yana da farashi. Tashar da ta zama ta kowa, za ta ba da fili ga wanda muke da saɓani da shi, a siyasa ko a fahimta, matuƙar bai fita daga doka da ladabi ba. Wajibi ne mu yarda da wannan. Wanda ya yi murna yau don an toshe bakin abokin saɓaninsa, ya sani cewa hannun da ya toshe wancan baki bai gaji ba, kuma gwamnati tana canzawa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mai hujja ba ya tsoron a ji ta bakin wani.

Muna kira ga 'yan uwa ma'aikatan waɗannan gidaje da su tuna cewa abin da suke karantawa shaida ce, kuma za a tambaye su a kanta a ranar da babu kwamishina babu darakta. Muna kira ga masu saurare da su daina yin shiru: su rubuta, su buga waya, su yaba wa tashar da ta yi gaskiya, su tambayi ɗan majalisar mazaɓarsu matsayinsa a kan wannan doka kafin su sake ba shi ƙuri'a. Muna kuma kira ga mai girma gwamna, wanda ya ɗanɗani ɗacin wannan abu da kansa a 2022, da ya zama shi ne zai saki mabuɗin tun yana da ikon riƙe shi. Yin haka zai kare shi ranar da ya sauka, kuma zai zama aikin da za a tuna da shi bayan an manta da allunan da ke gefen titi.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya shiryi shugabanninmu Ya sanya tausayin talakawa a zukatansu, Ya maido mana da zaman lafiya a Zamfara da Nijeriya baki ɗaya. Amin.